Minti Ashirin da Dokin Kawu

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na yi niyyar mantawa mutanen Marnona sun ɗaukar wa kansu aikin tuna mini kyauta, da wata Asabar ta bayan kaka da na wayi gari ina gwanin lallashin doki, kafin azahar na zama abin dariyar ƙananan hukumomi uku. Uku fa, ba ɗaya ba: Wurno, Rabah da Goronyo. Akwai mutanen da suka shekara talatin suna aiki ba a san sunansu a unguwa ta gaba ba, ni kuwa cikin minti ashirin na gama da yanki guda.

Bari in faɗi gaskiya tun da wuri. Ni malamin firamare ne, kimiyya da aikin gona nake koyarwa. Abu mai ƙafa huɗu da na taɓa hawa a duniya jaki ne, shi ma ba mu rabu lafiya ba. Amma Allah Ya hore mini baki. In na karanta abu da safe, da yamma zan yi bayaninsa a majalisa kamar ni na ƙirƙiro shi, har wanda ya rubuta ma in ya ji sai ya zauna ya ƙaru. (Matata ta ce tun ranar da na sayi babbar waya gidanmu bai sake jin shiru ba. Ban musa ba, na dai yi mata bayanin dalili.)

Ina da kawu a Wurno, Kawu Ummaru, ƙanen mahaifiyata. Manomin albasa ne da tafarnuwa, mutum mai ƙarancin magana da yawan son dawaki. Yana da wani baƙin ingarma mai farin goshi da ake kira Tartsatsi, kuma wanda ya raɗa masa sunan nan bai zalunce shi ba. Doki ne da in ganye ya faɗo daga bishiya sai ya yi tsalle ya waiga neman wanda ya jefe shi. In babur ya wuce ya yi haniniya, in kaza ta yi kyarkyara ya miƙe da ƙafa biyu. Amma gudu kam Allah Ya ba shi. Mai hawansa Bashar ne, ɗan Kawu, taubashina, wanda tun muna yara ba mu taɓa gaisawa babu tsokana ba. Bashar na son dokin nan irin son da har matarsa ta gaji ta daina magana a kai.

Masu sha'awar dawaki na yankinmu suna shirya wani tsere duk shekara bayan an kai amfanin gona gida. Ba irin sukuwar nan ba ce da ake sakin linzami a fili a dawo kafin ka ƙifta ido, tseren dogon zango ne. Ana tashi daga Rabah da sassafe, a yada zango a Wurno, sannan a ƙarasa Goronyo, kuma saboda halin da daji yake ciki yanzu ba a yin nisa da babbar hanya. Dokar da ta fi tayar wa mahaya hankali ita ce ta zango. Da zarar doki ya iso yana da minti ashirin ya huce, a kai shi gaban likitar dabbobi ta saurari bugun zuciyarsa. In bugun ya sauka zuwa sittin da huɗu a minti ɗaya ko ƙasa da haka, ya ci gaba. In bai sauka ba an cire shi, ko da shi ya riga kowa isowa.

To, a nan Tartsatsi ke faɗuwa. Shekara biyu a jere yana shigowa Wurno cikin na gaba-gaba, shekara biyu ana cire shi. Ba gajiya ba ce. Da ya ga taro ya ji lasifika sai ya ɗauka bikinsa ake yi, ya yi ta rawa yana zare ido, zuciya na lugude har lokaci ya ƙare. Bayan karo na biyu Kawu ya faɗa a gaban kowa cewa in aka sake cire shi zai sayar wa wani dillali da ya daɗe yana yi masa zarya daga Sakkwato. Kawu kuwa ba ya maimaita magana. Bashar ya rame.

Ana saura wata guda a yi tseren, ni kuma na faɗa kallon bidiyon wasu Turawa masu lallashin dawaki. Kwana uku ina ƙona data. Na ga yadda ake tunkarar doki a kaikaice ba gaba da gaba ba, yadda ake sauke numfashi a hankali don ya kwaikwaya, yadda ake zuba masa ruwa a wuya da ƙafafu ana yi masa ɗan gunguni a kunne. Rana ta huɗu na ji ilimin ya yi mini nauyi, ba zan iya riƙe shi ni kaɗai ba. Na hau babur sai Wurno. Na tarar da Kawu a zaure yana gyaran ragama, Bashar na gefe.

Bayan mun gaisa na gyara murya na ce, "Kawu, ciwon dokin ga ba ga ƙahwa shike ba, ga ƙwaƙwalwa shike. Ilimi shika so."

Kawu ya ɗago ya dube ni. "Kai mi kas sani ga doki?"

Kafin in buɗe baki Bashar ya riga ni. "Ya san jaki, Baba. Jakin ma ya san shi."

Na yi kamar ban ji ba. Na yi bayani na kusan awa guda, har da zane a ƙasa da tsinke, na kawo kalmomin da ni kaina ranar na fara furta su. Ban sani ba ko gamsuwa Kawu ya yi ko gajiya, amma daga ƙarshe ya ajiye ragamar ya ce, "To, Malam. Ran tsere kai ad da zango. Bashar shi kawo shi, kai ka sanyaya shi."

Da Bashar ya rako ni bakin babur sai na ga ya bar dariya. Ya ce, "Don Allah in ba ka iyawa ka hwaɗi tun yanzu. In Baba yas sai da dokin ga ban san mi za ni yi ba." Na dafa kafaɗarsa na ce ya saki jikinsa, magana ta zo hannun masu ita.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa Kawu ba. A cikin watan nan guda sau ɗaya tak na je ganin Tartsatsi. Na leƙa inda turkensa yake, ya juyo ya hura hanci, na ja da baya da sauri har na taka kwanon dusa. Na ce wa Bashar ba tsoro ba ne, nazarinsa nake yi daga nesa, haka ƙwararru ke farawa. Abin da na riƙe a nazarin shi ne, dokin baƙi ne, goshinsa fari. Iyakar sanin da na yi masa ke nan.

Ranar tsere na yi sammako. Na sa farar rigata ta Juma'a (mutumin da zai yini yana wasa da ruwa da kashin doki, ku duba fa), na kafa malfa, na ɗaura bokiti biyu a bayan babur, da soso, da wani tsohon zanen matata da na ce za a jiƙa a lulluɓa wa dokin. Na soka biro uku a aljihu don a ga alama.

Zangon a bayan gari yake, wani fili mai itatuwan dogon yaro, daga can gangare kana hango fadama. An kafa rumfar manya, teburin likita na gefe, ga masu fura, ga masu ƙosai, ga 'yan kabu-kabu sun jera babura sun hau kai suna jiran kallo. Mai sanarwa wani ɗan Goronyo ne da ake kira Ɗanjuma, yana yawo da lasifikar hannu, bakinsa ya kusa kamo nawa.

Ni kuwa ɗoki ya hana ni zama. Akwai mutumin da na gaisar sau uku. Kafin dawaki su iso na riga na tara mutane a bayan rumfa ina lacca kan halayyar doki, mutanen da kakanninsu a kan doki suka tsufa. Ɗanjuma ya zo ya miƙa mini lasifikar. Da na ji muryata ta fita ta bugi katanga ta dawo, wallahi wani daɗi ya ratsa ni har tafin ƙafa. Na ce, "Jama'a, yau za ku ga abin da ba ku taɓa gani ba!" (A nan kaɗai na faɗi gaskiya ranar.)

Ina tsakiyar haka ban ma san dawaki sun fara shigowa ba. Sai ga Bashar ya ratso mutane, sharkaf da gumi, sirdi a kafaɗa, yana haki.

"Malam! Kai nika nema tun ɗazu! Mu na biyu munka shigo! Na ɗaure shi can ƙarshen hili gindin dogon yaro, nesa da mutane. Za ni kai kati wurin masu agogo in kewaya, cikina ya murɗe tun Rabah. Minti ukku sun tahi, yi sauri!"

Na suri bokitai na zuba da gudu, rabin ruwan ya ƙare a wandona. Jama'ar laccata suka ɗunguma suka biyo ni, Ɗanjuma na gaba.

A ƙarshen filin akwai dogon yaro biyu kusa da juna. A jikin ɗaya guntun igiya ne kawai yana lilo, ban ko ba shi muhimmanci ba. A gindin ɗayan kuwa ga baƙin doki mai farin goshi a tsaye, babu sirdi, ya sunkuyar da kai.

Na ɗaga hannu na tsayar da jama'a. "Kowa shi tsaya nan. Ba magana, ba tari. Dokin ga in yaj ji motsi kisa shika yi."

Na ajiye bokitan, na tunkare shi a kaikaice kamar ƙaguwa, ido a ƙasa, ina sauke numfashi fuuu, fuuu, kamar mai hura wutar ɗanyen icce. Na miƙa hannu na taɓa wuyansa, na runtse ido ina jiran cizo.

Dokin ya dube ni. Ya yi hamma.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji a lokacin ba. Ji na yi kamar duk makarantun da na yi yau ne suka biya ni. Dokin da ya gagari Wurno shekara biyu, taɓawa ɗaya na yi masa! Na waigo na kalli mutane, na ce a raɗa, "Kun gani?"

Wani dattijo mai sanda da ke gaba ya matso kaɗan. "Malam, ai wagga..."

"Shhh! Baba, don Allah! Aiki aka yi."

Dattijon ya rufe bakinsa, ya koma ya zauna a kan saiwar icce, ya gyara zama irin na wanda Allah Ya kawo wa abin kallo har gida.

Na shiga aiki gadan-gadan. Na zuba ruwa a wuya, na goga soso a ƙafafu, na jiƙa zanen matata na lulluɓe bayan dokin tun daga gadon baya har gindin wutsiya. Turawan bidiyo gunguni suke yi, ni kuma ban san waƙarsu ba, sai na ɗauko wadda muke koya wa 'yan aji ɗaya ta wanke hannu kafin cin abinci, na kafa baki a kunnen dokin na rera ta tun daga farko har ƙarshe, sau biyu. Dokin ya lumshe ido, leɓensa na ƙasa ya saki.

Ba wai ban ga alamu ba. Na gani, sai dai kowace alama na samo mata bayani. Na ga kafin in zuba ruwa jikinsa a bushe yake, babu ɗigon gumi, na ce ai ƙarfin jini ke nan. Na ga babu lambar da ake rubuta wa dawakin tsere da alli a cinya, na ce ruwana ya wanke ta. Na ga cikinsa ya yi tulu-tulu, sai na karɓi lasifika (ni da na hana tari) na sanar da jama'a cewa in doki ya saki jiki tumbinsa sauka yake yi, wannan ita ce babbar shaidar nasara.

Mutane suna ta toshe baki da hula. Wasu sun juya baya kafaɗunsu na rawa. Wata mai fura ta ajiye ƙwarya ta durƙusa ta riƙe ciki. Na ɗauka mamaki ne ya yi musu yawa, har na ɗan tausaya musu. Wani ɗan kabu-kabu ya daure ya ce, "Malam, ka dai duƙa ka..." Na zare masa ido na ce, "Na ce shiru!" Ya ɗaga hannu biyu ya ja baya.

Ɗanjuma kuwa, Allah Ya isa tsakanina da shi, hawaye na zuba a idonsa yana sanarwa. "Jama'a ku taho ku ga ilimi! Malam ya canza ma dokin Alhaji Ummaru hali! Ya canza mai kama! Saura kaɗan shi canza mai suna!" Ni kuma ina gyaɗa kai cikin tawali'u, ina cewa ai ba yin kaina ba ne.

Ana minti goma sha biyu na kwance igiya na ja dokin zuwa wurin likita. Yana biye da ni salun-alun kamar tunkiyar gida, jama'a na biye da mu. Da muka zo daidai rumfar manya na ga Kawu ya miƙe tsaye, ya kare ido da hannu, bakinsa a buɗe. Na ɗaga masa hannu biyu kamar ɗan takara, na wuce.

Likitar wata 'yar Zuru ce, Dokta Laraba, mace mai fara'a amma ba ta wasa da aiki, duk yankin an san ta saboda rigakafin shanu. Ta duba takardarta ta ce, "Lamba bakwai, Tartsatsi?"

Na ce, "Shi na, Likita. A auna a gani."

Ta ɗora abin sauraron ƙirji a bayan ƙafarsa ta gaba, ta zuba wa agogo ido. Ta cire, ta girgiza abin, ta sake ɗorawa. Sannan ta dube ni. "Talatin da takwas. Malam, wannan yau ya taso daga Rabah?"

"Da gudu kau," na ce, na gyara malfa. "Ilimi na, Likita."

Ta ɗaga leɓen dokin ta duba haƙora. Ta shafa cikin nan a hankali da tafin hannu. Sannan ta yaye zanen matata, ta duƙa, ta leƙa. Ta daɗe a duƙe (daga baya ta gaya mini dariya take ta haɗiyewa kada ta zubar da mutuncin aiki). Ɗanjuma ya lallaɓo ya saita lasifika daidai bakinta. Ta miƙe.

"Malam, takardata ta ce ingarma ɗan shekara shida. Wannan goɗiya ce. Tsohuwa. Kuma ciki gare ta, ya kai wata takwas."

Filin nan ya fashe. Dariyar da mutane suka riƙe tun gindin dogon yaro ta ɓalle lokaci ɗaya, har wani ya faɗo daga kan babur. Da a ce shiru na yi, da da sauƙi. Amma bakin nan nawa da ba ya jin birki, a gaban lasifika, ƙananan hukumomi uku na saurare, sai na ji shi yana cewa:

"Wallahi Likita ɗazu namiji na."

Har yau in na shiga kasuwar Wurno sai na ji wani ya faɗi maganar nan daga bayan rumfa.

Ana cikin haka wani tsoho dogo ya ratso taro da buta a hannu yana faɗa. "Wa yak kwance min goɗiya? Na tahi alwala kaɗai na dawo na ishe wuri wayam!" Ya tsaya ya ƙare mata kallo, ruwa na ɗiga daga gezarta. "Wa yay yi mata wanka? Hal da zane?" Sunansa Baba Jabbi, daga wani ƙauye ta wajen Rabah, ya lallaɓo da goɗiyarsa tun jiya don ya ga tsere, ya ɗaure ta a inuwa bayan Bashar ya bar wurin.

Sai na ji an kama hannuna. Bashar ne. Shi ba dariya yake yi ba. "Malam, ina dokina?"

Nan na tuna da guntun igiyar da ke lilo. Mai agogo ya ɗaga murya ya ce lamba bakwai saura minti shida.

Ba mu je nema ba, shi ya kawo kansa. Ihu muka ji daga gangaren fadama, sai ga Tartsatsi ya hauro a sukwane, igiya na jan ƙasa, ganyen albasa a bakinsa, mutum biyu na bin sa da fartanya. Ya tsallake benci, ya watsa tiren ƙosai, ya zo tsakiyar fili ya miƙe da ƙafa biyu yana haniniya. Mutane suka watse. Ni gwanin lallashi kuwa, ban san lokacin da na shiga ba, sai tsintar kaina na yi a ƙarƙashin teburin likita, rungume da bokiti.

Daga nan ƙarƙashin na ga yadda ake aikin. Baba Jabbi ya ajiye butarsa a hankali, ya ce, "Kai, wanga ai ɗan goɗiyata na. Ni nas sai ma Ummaru shi shina duƙushi." (Kun ga inda kamannin ya samo asali. Ina faɗa ne don a rage mini laifi, ko da kaɗan.) Ya dubi Ɗanjuma ya ce ya kashe abin nan nasa. Ya yi wa jama'a nuni da hannu su ja baya, suka ja. Bai yi tafiyar ƙaguwa ba, bai hura wuta ba. Ya ja goɗiyarsa ya ratsa ta gaban Tartsatsi a hankali kamar ba su gan shi ba. Dokin ya sauke ƙafa, ya hura hanci, ya bi su. Tsohon ya sunkuya ya ɗauki bakin igiyar, ya kai su inuwa, ya juya wa dokin baya ga taro ta yadda babu abin da yake gani sai icce da goɗiya tana tsinkar ciyawa. Bashar ya kawo ruwa yana zubawa a wuya da cikin cinyoyi, yana sharcewa da hannu yana ƙarawa. Baba Jabbi ya tura yatsu ƙarƙashin geza yana susa, ya miƙa masa ɗan harawa. Ko kalma ɗaya bai furta ba.

Na rarrafo na fito, na matsa da bokitina. Na ce a hankali, "Baba, a bidiyo kau a kaikaice aka..."

Bai ko waigo ba. "Ɗana, kana son ka taimaka?"

"Ƙwarai, Baba."

"To tahi gindin iccen can ka zauna, ka kama bakinka. Kai ɗai ka hi lasihika tada doki."

Na tafi na zauna. Ban taɓa ganin minti huɗu masu tsawo irin waɗannan ba. Na hango Kawu a tsaye hannu a baya, bai dube ni ba ko sau ɗaya, wanda ya fi mini zagi ciwo. Na ga Bashar ya duƙufa yana ta zuba ruwa. Sai a lokacin abin ya sauko mini sosai, cewa in aka cire dokin nan ni na sayar da shi, da bakina, kuma Bashar ya roƙe ni tun da wuri in faɗi gaskiya. Duk addu'ar da na haddace na karanta, har da ta shiga kasuwa.

Saura minti ɗaya suka jawo shi, goɗiyar na gefensa. Dokta Laraba ta ɗora abin sauraronta. Filin ya yi tsit, har kana jin kukan kurciya. Ta kalli agogo, ta kalli agogo, sannan ta cire abin daga kunne.

"Sittin da biyu. Ya wuce."

Bashar ya zame ya zauna a ƙasa. Saboda tsohon ya hana hayaniya babu wanda ya yi ihu, sai ka ga ɗaruruwan mutane suna tsalle suna ɗaga hula babu sauti, kamar an kashe wa talabijin murya.

Bayan an ja dokin nesa Likita ta yafito ni. Na zo ina jan ƙafa, farar rigata ta koma kalar kunun kanwa. Ta ce in tsaya, ta ɗora mini abin nan a ƙirji da fuskar aiki, ta kalli agogo. Ɗanjuma ya kunna lasifikarsa.

"Ɗari da goma sha huɗu," ta ce. "Malam, kai an cire ka."

Tartsatsi ya isa Goronyo na huɗu, ya kuma wuce awon ƙarshe, don Baba Jabbi ya hau motar Kawu ya riga su can. Ba a sayar da shi ba. Mai albasar da aka yi wa ɓarna Kawu ya ba shi dashe daga nasa lambun, suka rabu suna dariya (ni suke yi wa). Da yamma da na je sallama, na durƙusa ina ta haɗa kalmomin ban haƙuri, Kawu ya bari har na gama sannan ya ce, "Ba komi, Malam. Ka yi ƙoƙari. Goɗiyag ga ta huta ƙwarai." Bashar kuwa ya shekara bai nemi sabon abin tsokana ba.

Labari ya riga ni isa Marnona. Na shiga gida matata ta tarye ni da fuska a ɗaure, ta karɓi bokitai, ta ce, "Sannu da aiki. Tuwon a kaikaice za ni kawo shi ko gaba da gaba?" Ranar Litinin hedimasta ya kira ni ofis ya tambaye ni, cikin ladabi, ko ina ganin a ɗan ba wani malami darasin dabbobin gida zuwa wani lokaci.

Bayan wata uku sai ga wani ɗan kabu-kabu da saƙo daga Baba Jabbi. Wai goɗiya ta haihu lafiya, amma duk ƙauyen sun ƙi cewa komai, suna jiran ƙwararre ya zo ya faɗa musu namiji ne ko mace. Na san tsiya ce, amma na je, da goro a aljihu. Na tarar da dattawa sun jeru a kan tabarma suna jirana. Na gaishe su, na cire hula, na duƙa har gwiwata ta taɓa ƙasa, na leƙa, na daɗe ina leƙe. Na gani sarai. Sannan na miƙe na kakkaɓe wando na ce, "Baba, kai mi kag gani?"

Tsohon ya yi dariya har da tari, ya ce, "Yanzu kam ka hwara sanin doki."

Ba zan yi muku ƙarya in ce na daina surutu ba, wannan sai dai a lahira. Amma na koyi abu biyu. In mutum ya ce mini "Malam, ai..." ina barin sa ya kai ƙarshen maganarsa, ko da ɗan aji ɗaya ne. Kuma kafin in karɓi lasifika in yi wa jama'a bayanin abu, ina fara duƙawa in leƙa.